Littattafan da Ka Zaɓa Mana Daga Daji

Zuwa ga yayana Malam Mansur, a duk inda ka wayi gari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan magana ta same ka da rai. Ban ce da lafiya ba, don na ji labarin ƙafafunka. Ni ce Balkisu, daga nan Anka. Na rubuta a shafinka, inda ka saba gaya wa jama'a littafin da ya dace da su, domin ban san wata ƙofa da ta rage ban buga ba. Masu bibiyarka za su karanta, na sani. Su karanta. Sun daɗe suna tambayar ina ka shiga, ni kuma na daɗe ina rasa abin faɗi.

Ka fita ranar kasuwar Gummi don ka karɓo kwalin littattafan da aka aiko maka daga Sakkwato. A hanyar komawa Bukkuyum 'yan bindiga suka tare motarku. Direban ya samu ya faɗa cikin gona ya tsira, shi ne ya kawo mana wayarka da ta faɗa ƙarƙashin kujera, da kwalin. Sun farke shi da wuƙa, suka ga takardu ne, suka yar a bakin hanya. A lokacin ko shuka ba a yi ba. Yanzu an yanke gero, dawa ta fid da kai.

Duk wanda aka tafi da shi tare da kai, an kira danginsa. Mu ne kaɗai ba a kira ba. Na kwana da wayarka, na tashi da ita, na shiga kewaye da ita a ɗaure a bakin zane. Shiru.

Matarka Hajara da yaran suna wurina. Ni na je na kwaso su, don na ga zaman kaɗaici zai kashe ta. Ba ta ɗauko kayan kirki ba, amma ta ce akwatunan ƙarfenka biyu na littattafai ba za su kwana a bayanta ba. Suna nan a shagon ɗinkina, kusa da keke, na shimfiɗa musu tsohuwar atamfa.

Ina yawan tuna ka ranar kasuwar Bukkuyum. In ka taso daga makaranta sai ka shimfiɗa tabarma tsakanin mai manja da mai gyaran rediyo, ka jera littattafai ka danne su da duwatsu saboda iska. Ba ka taɓa miƙa wa mutum littafi daga zuwansa ba. In babba ne sai ka tambaye shi, “Mi ka hana ka kwana?” Daga amsarsa kake sanin abin da za ka ɗauko. In matashi ne, kakan ce kar a fara shi da mai wa'azi, a ba shi wanda sa'arsa ke cikin tsaka mai wuya, wa'azin zai tarar da shi a hanya. In ƙaramin yaro ne kuwa, sai ka ba shi a hannu ka kau da kai, ko da zai riƙe shi a kife. Ni kuwa ina gefe ina yi maka dariya, ina cewa mai sayar da kaya ba ya yawan tambaya. Sai ka ce, “Balki, ke kina ɗinka riga ba ki auna mutum ba?”

Da ka ɓace na ce bari in gwada aikinka a kan iyalinka, ko za su sami abin da zai riƙe musu hankali. Yaya, ban iya ba.

Na fara da Sadiq, tunda shi ne ƙarami, shekararsa shida. Na ɗauko masa wani mai manyan hotuna, na wani uba da ya yi doguwar tafiya ya dawo wa ɗansa da akuya. Na ɗauka zai ƙarfafa masa zuciya. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba, sannan ya ce, “Gwaggo, Baba hwara zai kawo ko ja?” Washegari na tarar da shi a bakin ƙofa da igiyar shanyata a hannu. Ya yi kwanaki a nan. Duk babur ɗin da ya tsaya sai ya miƙe. Na ɓoye littafin, amma igiyar ya ƙi saki.

Ta Rumasa'u ta fi ciwo. Kai ka san labarinta, amma masu karantawa ba su sani ba. Tana jaririya Hajara ta je wanka gidansu a Tungar Guru, shekarar da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, yara suna rarrafe cikin garinsa. Gubar dalma ta kashe sa'o'inta da yawa. Ita Allah Ya bar mana ita bayan doguwar jinya, sai dai abu ba ya zama a kanta da sauri. Kai kaɗai kake da haƙurin zama da ita a kan shafi ɗaya har ya shige ta. Yanzu ta zama budurwa, an rufe makarantarsu saboda halin da ake ciki, kuma mai zama da ita ba ya nan.

Na zaɓo mata wani mai kauri daga cikin sababbin da ka karɓo a Gummi, na ce ai 'yan mata sa'o'inta irinsa suke so. Ta zauna da shi yini guda. Da safe na tambaye ta sunan yarinyar da ke ciki, ta buɗe baki, babu. Ta koma farko. Kashegari ma haka. Rana ta uku na jiyo wani sauti a ɗaki, na shiga na ga tana dukan kanta da dunƙulen hannu tana cewa, “Gwaggo, kaina na yoyo, kaina na yoyo.” Na riƙe hannayenta, muka zube ƙasa tare. Tun daga ranar ba ta sake taɓa takarda ba. Abinci ma sai an tsaya a kanta.

Hajara kuwa ban ma yi gigin miƙa mata komai ba. Matar da ke karance duk littafin da ka sayo kafin ya kai kasuwa, har kuna gardama a kan wanda ya kamata jaruma ta aura, yanzu in ba Alƙur'ani ba ba ta buɗe komai. Ba ta kuka a gaban mutane. Mata suna shigowa gaisuwa su rasa ko jaje za su yi ko ta'aziyya. Duk ranar da aka ce an sako mutane an kawo su asibiti, sai ta ja mayafi ta tafi ta bi gado gado tana duba fuska. Ta dawo ta ce, “Ba shi ciki,” ta ɗora tukunya.

Haka muke har Juma'ar da ta wuce.

Bayan an sauko daga masallaci wani mutum ya yi sallama a ƙofar shago, ya ce yana neman Balkisu mai ɗinki. Dogo ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, a idon sawunsa akwai miki zagaye kamar an ɗaura masa munduwa. Ya ce sunansa Isuhu, mutumin wajen Azare ne, aikin zinariya ya kawo shi Duza, a can aka ɗauke shi. 'Yan uwansa sun karɓo shi, ya kwanta asibiti, yau ne ya fara iya tafiya. Sai ya ce, “Malam mai labari ne ya aiko ni.”

Na zauna a kan akwatinka.

Ya ce sarƙa ɗaya aka ɗaure ku da ita a gindin wata tsamiya. Ya ce in rana ta take, yunwa ta fara sa manya kuka, sai ka gyara murya ka fara ba da labari daga littattafan da ke kanka. Kullum kaɗan, kuma sai ka kai wurin da ya fi daɗi ka tsaya, ka ce sai gobe in Allah Ya kai mu. Har masu tsaronku, yara da bindiga a kafaɗa, sukan matso su tsuguna kamar ba sauraro suke yi ba. Ya ce shi ya riga ya yanke ƙauna, ya daina karɓar ɗan tuwon da ake jefo muku. Sai ka tambaye shi sana'arsa, ya ce haƙa. Ranar ka fara labarin wani mai haƙar rijiya da ya sauka a garin da kowa ya rantse babu ruwa a ƙarƙashinsa. Ka ce masa wanda bai ci ba ba zai ji na gobe ba. Ya ce, “Hajiya, wallahi don in ji ko ya sami ruwan nan na ci gaba da haɗiyar abinci.”

Aka kira shi za a sake shi labarin bai ƙare ba. Ka ce masa ya zo Anka ya nemi ƙanwarka, a cikin ƙaramin akwati akwai wani mai koren bango da aka ɗinke gindinsa da zaren buhu, ƙarshen yana ciki.

Na tambaye shi me ya sa ba a kira mu ba. Ya sunkuyar da kai. Ya ce kai ka ƙi. Ka ce wa 'yan bindigar wayarka ta faɗi, kuma ba ka haddace lambar kowa ba. Kai, Yaya, da ka haddace littafi sukutum da gardamar da ke cikinsa. Sun yi ta dukan tafin ƙafarka har ya kumbura, yanzu sai an tallabe ka kake miƙewa. Ya ce ya roƙe ka ka faɗa, ka ce masa, “In anka kira, gona za ta tahi, keken Balki shi bi ta. Ɗiyana su ci mi?”

Wa ya ba ka ikon yanke mana wannan hukunci? Keke nawa ne. Gonar ta mu biyu ce, Inna ta bar mana. Ka tambaye ni? Ka ɗauka in an ce in zaɓa tsakanin ƙarfe da kai, zan tsaya tunani? Ban taɓa ɗaga maka murya ba tun muna yara, ka yafe mini, amma yau ina ɗagawa.

Sannan ya ce ka ba shi saƙo game da yaran, ka sa ya maimaita har ya zauna masa.

Na Sadiq, ka ce a ba shi na jakin nan da ya ƙi tsallaka gulbi, wanda duk dabbobin gari suka zo suna lallashi. Ka ce kowanne aka ba shi, a duba kar ya zama akwai uba a ciki. Da na ji haka sai na rufe fuska. Ka makara, Yaya, amma na ɗauko na jakin. Na zauna kusa da shi a bakin ƙofa na buɗe. Da aka zo inda kunkuru ya ce zai goya jakin, ya yi dariya har da faɗuwa. Ita ce dariyarsa ta farko a gidan nan. Igiyar tana hannunsa har yanzu, sai dai yakan ajiye ta in zai juya shafi.

Na Rumasa'u, ka ce kar a ba ta sabo ko ɗaya. A ba ta waɗanda kuka riga kuka bi tare, ƙanana masu gajerun babi, kuma kar a tambaye ta me ta tuna. A nemo mata wanda za ta karanta wa da ƙarfi. Ka ce in tana karanta wa wani, mantawa take yi da tsoron mantuwa.

Isuhu ya ce shi karatun allo ya yi, boko ba ya ja masa sosai. Na ɗauko mai koren bangon, na tsaya da shi a hannu. Sai na leƙa ɗaki na ce wa Rumasa'u ga baƙon babanta, ya zo daga wurinsa, yana son a karanta masa ƙarshen wannan. Ta dubi littafin ta ce, “Na Baba da ni na.” Ta sa hijabi ta fito.

Da ka ga wannan zama. Ita a kan kujerar keke, shi a ƙasa a kan tabarma ya miƙe ƙafarsa mai miki. Tana bi da yatsa, tana tuntuɓe, tana komawa baya. In ta tsaya, jira yake yi, kamar wanda ya saba da jira. Wani wurin ma ba ta duba shafin ba, daga kanta ya fito, da irin muryar da kake yi wa sarkin garin. Da ta kai inda mutanen garin suka ɗaure kaya za su yi ƙaura, mai haƙa ya turo guga daga ƙasa da jiƙaƙƙen yashi a ciki, sai Isuhu ya ce, “Ashe ya samu.” Ya sake cewa, “Ashe ya samu.” Ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Rumasa'u ta dube ni a tsorace ko ta yi kuskure. Na ce ta ci gaba, ta kai shi har ƙarshe.

Yanzu kullum da hantsi ita ke karanta wa Sadiq. Jiya ta cinye tuwonta ba wanda ya tsaya a kanta.

Saƙonnin mutane suna ta shigowa wayarka, ba su daina ba. Wata mata daga Gummi ta ce ɗanta ya koma fitsarin kwance tun da aka shiga ƙauyensu, wane littafi za ta ba shi. Wani ya ce ƙanensa ya bar makaranta yana maganar tafiya ramin zinariya. Wani dattijo ya ce barci ya ƙaurace masa. Da ba na amsawa. A makon nan na fara, da abin da na koya a wurinka da kuma a wurin kuskurena. Matar na ce ta nemi na dabbobi mai ban dariya, ta fara karantawa ita kaɗai, in akwai abin da ya yi kama da abin da yaron ya rasa ta ajiye shi. Mai ƙane na ce ya nemi gajere wanda saurayi ke fafutukar neman na kansa, ya ajiye inda zai gani, kar ya ce masa karanta. Dattijon na rasa abin da zan ce masa. Wannan naka ne.

Saura Hajara.

Isuhu bai faɗi nata a gaban yara ba. Sai da ya tashi tafiya ya ce in ɗan rako shi bakin ƙofa. Ya yi ta murza hularsa. Ya ce ka ce a ɗauko mata littafin fiƙihun nan mai baƙin bango da Baba ya bari, a buɗe mata babin matar da mijinta ya ɓace ba a san rai ko mutuwa ba. Ta karanta ta san haƙƙinta, in lokaci ya yi ta je gaban alƙali. Ka ce kar ta tsufa tana jiran mutumin da ba ya iya tsayuwa.

Na ce masa wannan saƙo ya mutu a bakin ƙofar nan, ni ba zan kai ba. Da na juyo sai na ga kwanon fura a ƙasa bayan labule. Hajara ta kawo wa baƙo ne, ta ji komai, ta ajiye ta koma.

Ban bi ta ba, tsoro nake ji. Bayan la'asar na shiga shago na tarar da ita a zaune a ƙasa, babban akwati a buɗe, littafin a kan cinyarta. Da kanta ta nemo babin. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo tana bin layi ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi, ba ta tsallake ko kalma ba. Ta kai ƙarshe. Ta rufe, ta goge bangon da bakin mayafinta, ta mayar da shi can ƙasan akwati, ta jera sauran a kansa. Sannan ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe, ta ce, “Na karanta, tunda shi ya ce. Ki gaya mishi wanga bai yi min ba. Shi zo shi zaɓa min wani.”

To na gaya maka, Yaya. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ban san hanyar da magana ke bi ta shiga daji ba, amma na ga ta fito, don haka tana iya komawa. In akwai mai karanta wannan da ya san wanda ya san wani, don girman Allah a kai masa. A ce da Malam mai labari ƙanwarsa ta ce ya tuna lambarta. Na san ka san ta. Ka faɗa musu, Yaya, ka bar mana sauran. Yunwa mun san ta, mun taɓa yi mun tashi. Wannan ce ba mu iya ba.

Ya Allah, Kai ne Ka san gindin itacen da yake, ba mu sani ba. Ka sanyaya masa ƙafafunsa, Ka sa a ba shi ruwa in ya nema. Ka tausasa zuciyar wanda ke riƙe da makullin sarƙarsa. Ka kwance shi, da duk wanda ke ɗaure tare da shi, Ka mayar da kowa ga masu jiransa a Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙauyukan da ba a jin kukansu. Ka tsawaita masa numfashi har mu isa gare shi. Ya Allah, kada Ka jarrabe mu da abin da ya fi ƙarfinmu. Amin, ya Hayyu ya Ƙayyum.

Wassalam.

Ƙanwarka da ba ta yarda ba,
Balkisu